Hannun Alaramma da Buroshin Shinuwa: Me Muka Yi da Namu Rubutun?



Malamai da iyayenmu da ke zaune a gaba, ina gaishe ku da girmamawa. Samari da ƴan mata da suka taso daga cikin Damagaram, da Tirmini, da Matamaye, da ku masu masaukinmu na nan Takieta, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin rana.

An ce in yi magana a kan rubutun hannu na mutanen ƙasar Sin, waɗanda mu a nan muke ce wa Shinuwa, da matsayinsa a fasaharsu da zamansu na yau. Na san akwai mai cewa a ransa: ina ruwan Takieta da rubutun Shinuwa, ana fama da tsadar hatsi da rashin aikin yi? Tambaya ce mai kyau, kuma zan amsa ta kafin in zauna. Amma bari in faɗi inda na dosa tun yanzu. Mu ma muna da irin wannan rubutu, mai ƙa'ida, mai tarihi, mai gwanaye. Su sun fito da nasu fili, suna koyar da shi, suna saye, suna kiran sunan mai shi. Mu kuwa muna sumbatar abin da aka rubuta, muna taya hannun da ya rubuta shi kamar muna taya albasa.

Mu fara da nasu.

Rubutun Shinuwa ba baƙo ba ne a idonmu. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram a 2011, muna ganinsa a jikin motoci da injuna, ga shi kuma a kwalin waya, da babur, da fitila mai aiki da rana. Wannan duk na inji ne. Akwai na hannu, wanda suke kira shufa, wato ƙa'idar rubutu. Kayan aikinsa huɗu ne: buroshi na gashin dabba da aka ɗaure a bakin gora, da sandar tawada ta baƙin hayaƙi, da dutsen da ake goga sandar a kai da ɗan ruwa, da takarda. Suna ce musu dukiyoyi huɗu na ɗakin karatu. Kowane harafi yana da yawan zanensa, da wanda ake fara ja, da wanda ake ƙarewa da shi. Takardar tana shan tawada nan take, saboda haka babu gogewa, babu gyara. In hannunka ya yi rawa, kowa zai gani. Shi ya sa suke cewa ana gane halin mutum a rubutunsa.

Babban gwaninsu, Wang Xizhi, ya yi wani rubutu a shekarar 353, haruffa 324 kacal. Asalin takardar ta ɓace, ana cewa an binne ta tare da wani sarki da ya ƙaunace ta. Kwafe-kwafenta ne suka rage, kuma har yau masu koyo suna zama suna kwaikwayon su. Har zuwa 1905, wanda yake son aikin sarauta a ƙasar sai ya zauna jarrabawa, kuma kyan hannu yana cikin abin da ake dubawa.

To, wannan tarihi ne. Abin da ya fi damuna shi ne yau. Ƙasar da take ƙera wayoyin da ke aljihunmu, me ta yi da buroshi?

Ta gamu da irin matsalarmu. Matasansu suna danna waya da kwamfuta da haruffan boko, inji ya zaɓo musu harafin Sinanci, har ta kai mutum ya ɗauki biro ya rasa yadda ake rubuta kalmar da ya sani. Da suka ga haka, a 2011 ma'aikatar iliminsu ta ce yaran firamare daga aji 3 zuwa aji 6 su riƙa yin darasin rubutun hannu sau ɗaya kowane mako. Kuma ba a aji kaɗai ya tsaya ba. In sabuwar shekararsu ta zo, ana rubuta fatan alheri da buroshi a jar takarda a manna a ƙofar gida, masu kyan hannu su baje kolinsu a kasuwa suna rubuta wa jama'a. Sunan babbar jaridar jam'iyyar da ke mulkinsu, da hannun Mao Zedong yake fitowa kullum. A wuraren shan iska tsofaffi suna tsoma dogon buroshi a ruwa su yi rubutu a kan daɓe, ya bushe, su sake. A 2009 hukumar UNESCO ta sa wannan rubutu cikin al'adun da duniya ta gada. A 2010 aka yi gwanjon wani rubutun hannu na wani gwani mai suna Huang Tingjian a Beijing, aka saye shi yuan miliyan 436 da ɗoriya.

Ku lura da wuraren da na lissafa: aji, ƙofar gida, jarida, dandali, kasuwa. Rubutun yana inda mutane suke.

Musulmin ƙasar ma suna da nasu salon rubuta Larabci da ya ɗauki lanƙwasar buroshi, ana ce masa Sini. Haji Noor Deen, haifaffen lardin Shandong a 1963, ya zaga duniya da shi yana koyarwa. A 2021 kuma ƙasashen Larabawa 16, har da Sudan da Muritaniya, suka haɗu suka sa aka shigar da rubutun Larabci na hannu cikin wancan jerin na UNESCO. Babu Nijar a ciki, babu Nijeriya. Su suka nemi nasu. Mu wa ya hana mu neman namu?

Yanzu mu dawo gida.

Duk wanda ya yi makarantar allo a cikinmu, ya riƙe dukiyoyi huɗu shi ma, bai dai san haka ake kiran su a wani wuri ba. Allo na icen aduwa. Alƙalami na kara, wanda ka feƙe da hannunka. Tawada ta gawayi da ƙaro. Sai takarda, in ka kai matsayinta. Tawadar allo daban, don a wanke take. Ta takarda daban, da ƴaƴan bagaruwa ake dafa ta, tana kama takarda ta zauna shekaru aru-aru.

Hannun da muke rubutu da shi, reshe ne na rubutun Magrib, amma a nan ya yi kauri, ya tsaya da ƙafarsa. Masana suna ce wa na gabas Barnawi, na Kano da kewaye kuma Hausawi ko Kanawi. Kuna gane shi daga nesa: baƙaƙe masu kauri, fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, ga ɗigon imala na ruwayar Warshu. Kalmar "rubutu" kanta, masana harshe sun nuna daga Barebari muka aro ta. Wannan ba abin mamaki ba ne ga ɗan Damagaram, domin wanda ya kafa gidan sarautarmu a ƙarni na 18 malami ne, kuma ƙasar ta daɗe tana bin Barno. A Barno an samu tsofaffin Alƙur'anai na hannu masu sharhi da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka, ɗaya yana ɗauke da shekarar 1669.

Kuma wannan aiki haja ce da ta ƙetare Sahara. Wani Baturen Ingila, Denham, da ya zauna Barno a 1823 da 1824, ya ba da labarin cewa ana kai Alƙur'anan da aka rubuta a can zuwa arewacin Afirka da Masar ana sayar da kowane dala 40 zuwa 50. Ba dalarmu ta sefa biyar ba fa, dalar wancan zamani. Takardar kuwa daga Italiya take zuwa ta Tarabulus, in ka ɗaga ta a rana sai ka ga alamar jinjirin wata uku a cikinta. Ayarin da ya kawo farar takarda, shi yake komawa da ita a rubuce, da tsada. Zangon Damagaram yana kan hanyar Tarabulus zuwa Kano, kuma a zamanin Sarki Tanimun, daga 1851 zuwa 1884, yana cikin manyan masaukan fatake. Mu da yau muke fitar da ɗanyen mai da ɗanyar fata, kakanninmu a wannan yanki sun taɓa shigo da ɗanyen kaya su fitar da gamamme. Ku riƙe wannan.

Bari in tsaya kaɗan a kan yadda ake aikin, don da yawanmu mun ga Alƙur'anin hannu a gafaka, ba mu taɓa tambayar me ya ci ba.

Yaro yana farawa kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Ya sauke, ya koma ya haddace. Ba a ce masa alaramma a tsarin tsangaya sai ya zauna ya rubuta izu sittin da ka, babu littafi a gabansa. Zai yanka takardunsa, ya fara da baƙi zalla, shafi bayan shafi. Ya gama ya dawo farko da jar tawada ya sa wasali. Ya dawo da rawaya ya ɗiga hamza, ya dawo da kore. Ya sa alamar ƙarshen aya, ya sa kumsa a kan ayoyi biyar, ya sa kuri a kan goma. A gefe a zana alamun sumuni da rubu'i da nusufi da izu, kowanne da adonsa. Takardun ba a ɗinke su, shi ya sa a ƙasan shafi yake rubuta kalmar da za ta buɗe na gaba, don ko iska ta watsa su a iya jerawa. Sannan ya kai wa gwanaye su bi shi harafi harafi suna neman kuskure. Sannan baduku ya yi masa gafaka. Aikin watanni ne, wani har shekara.

Ku gwada da na Shinuwa. Can ana gwada nutsuwar hannu. Nan ana gwada nutsuwar hannu da ƙarfin hadda a lokaci guda. Ban ce namu ya fi nasu ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Cewa na yi ba mu da dalilin sunkuyar da kai.

Ga kuma zayyana, allon da ake ƙawata wa wanda ya sauke, da ja da kore da rawaya, layuka suna shiga juna suna fita. Yau ana ajiye irinsa a gidajen tarihi na Turai da Amurka a matsayin fasaha. A nan kuwa, bayan walima sai a jingine shi bayan buhu gara ta ci.

Kuma wannan hannu bai tsaya ga Larabci ba. Da shi aka rubuta Hausa da Fulatanci da Barbarci, wato ajami: wasiƙu, da waƙoƙin wa'azi, da lissafin bashi, da magunguna, da tarihin gari. Mata ma sun riƙe alƙalamin. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da shi ta karantar da matan karkara.

To, me ya faru?

A 1899 aka yi karon Tirmini, nan kusa da mu, Faransa ta ci Damagaram. Daga nan takardar da hukuma take ganewa ta zama ta Faransanci. A Nijeriya Ingilishi suka ɗora Hausa a kan boko, mu a nan lakwal ta zo da Faransanci zalla. Sai aka wayi gari mutumin da zai rubuta izu sittin da ka, in ya je ofis ana ce masa dangwala yatsa, wai bai iya rubutu ba. Wannan kalma ta shiga kanmu, har mu da kanmu muke faɗa. Kuɗin sefa da ke hannunmu babu ajami a jikinsa. Naira tana da shi, amma an cire shi daga ƙananan takardu a 2007, aka cire daga ta 100 a 2014.

Kada mu ɗora wa inji laifin duka. Inji yana iya ɗaga hannu. A Kano, Sharif Bala na Gabari, wanda ya rasu a 2014, an ɗauki Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa aka buga da yawa, ya shiga kasuwanni da makarantun allo har nan ƙasar. Da yawanku da hannunsa kuka yi karatu ba ku san sunansa ba. Yaron Beijing ya san Wang Xizhi da ya rasu fiye da shekara 1,600. Mu ba mu san wanda ya rasu jiya ba. Nan ciwon yake.

Kuma ba na son in yi muku zaƙin baki a kan tsangaya. Akwai yunwa a cikinta, akwai bara, akwai yaran da aka tura nesa aka manta da su. Wannan gaskiya ce, dole a gyara. Amma ku duba: muddin ƙarshen shekara goma sha na karatu shi ne sana'ar da ba mai biya, me zai hana bara? Ku je ku tambayi alaramma nawa ake taya masa Alƙur'anin da ya rubuta. Ku cire kuɗin takarda da tawada da gafaka, ku raba saura da kwanakin da ya yi a duƙe. Sannan ku gwada da abin da ɗan kabu-kabu yake samu a yini. In kun yi wannan lissafi, ba za ku sake tambayar me ya sa ɗan alaramma ya ajiye alƙalami ya hau babur ba.

Wannan ita ce amsata ga mai cewa ina ruwanmu. Maganar rubutu maganar abinci ce, maganar mutunci ce, kuma maganar takardun gidanku ce. A gidaje da yawa akwai tsohuwar jakar fata da kaka ya bari. Wata akwai iyakar gona a ciki, wata asalin zuri'a, wata wasiƙar Makka. In babu mai karantawa a gidan, ƙarshenta ɗaya cikin uku ne: gara, ko ruwan damina, ko wani baƙo ya saye ta da kuɗin shayi.

Akwai wani bambanci tsakaninmu da Shinuwa da ya kamata in faɗa a gaban malamai. Su suna rubuta nasu a ƙasa, a riga, a kwalba. Mu ba za mu yi haka da ayar Allah ba, kuma ba wanda ya ce a yi. Alƙur'ani yana da alfarmarsa, a bar shi a inda yake. Amma sunan shagonka ba aya ba ne. "Barka da zuwa Takieta" ba aya ba ce. Karin magana, da katin biki, da sunan jariri, duk Hausa ce, ana iya rubuta su da ajami da wannan kyakkyawan hannu. Adon zayyana kuma zane ne, zai hau bango da ƙyalle da fata ba tare da harafi ko ɗaya ba. Wurin da aka yi shakka, a tambayi malam.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda sai an jira gwamnati.

Na farko, ku koya. Mafi yawanku kun san baƙaƙen tun kuna yara, abin da ya rage kaɗan ne: yadda ake rubuta tsa, da ca, da ɓa, da ɗa, da wasalin e. Kowace fada tana da daren da ake shan shayi har sha biyu. Ku ware dare ɗaya a mako, ku gayyato gardi ko alaramma na unguwa, ku haɗa masa kuɗi kamar yadda kuke haɗa na sukari. Ƴan mata ku ma ku yi naku zaman, akwai malamai mata.

Na biyu, ku buɗe jakar nan ta gida, da izinin manya. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya a inuwa, ku bar takardun yadda aka jera su. Kada a manna musu salatif, kada a rufe su da roba mai zafi, kada a sayar. A Yamai, cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda ya tsiro daga abin da Boubou Hama ya tara, da dubban takardu a ciki. Nan kusa kuma ga Jami'ar André Salifou. Ɗaliban da ke cikinku, ga abin bincike a ɗakin kakarku.

Na uku, ku saya, ku biya da daraja. Mai buɗe shago, ka sa alaramma ya rubuta maka sunan da ajami, mai fenti ya ɗora a allon kusa da na boko. Akwai tsoho da gardi da za su karanta wannan su wuce wancan, ka ga ka ƙara ciniki. Mai aure, ka sa a rubuta katinka. Wanda ƙanensa ya sauke, ya yi masa zayyana ta gaske ya rataye a falo.

Na huɗu, ku masu zane a kwamfuta da waya. Akwai salon haruffa mai suna Alkalami da aka tsara daga hannun Kano, akwai Ruwudu da aka tsara daga hannun Mangawan ƙasar nan. Kyauta ake sauke su a intanet. Ku sa su a fosta da bidiyo. Amma babban rubutun kai, ku karɓo daga hannun mai rai ku biya shi.

Na biyar, suna. Duk rubutun da kuka ɗora a Facebook ko WhatsApp, ku tambayi mai shi, in ya yarda ku rubuta sunansa da garinsa. Wasu malamai ba sa so saboda tawali'u, a girmama wannan. Amma kada rowarmu ta fake a bayan tawali'unsu.

Sai abu ɗaya da ya shafi hukuma. A 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Madalla. Hausa kuwa hannu biyu gare ta, boko da ajami. Takieta mararraba ce: mai zuwa Maradi, da mai zuwa Damagaram, da mai gangarawa Matamaye zuwa Daura da Kano, duk ta nan suke bi. Me zai hana mu je wa magajin gari da roƙo a rubuce, cewa allon shiga gari da na kasuwa da na asibiti su ɗauki ajami, kuma alaramman garin nan ne zai rubuta? Me zai hana mu roƙi shugabannin lakwal awa ɗaya a mako, kamar yadda Shinuwa suka yi? In an ƙi, mun dai tambaya, kuma za mu koma.

Ba na kiran kowa ya bar boko ko Faransanci. Ku koyi Sinancin ma in kun samu, akwai abinci a ciki. Shinuwa ba su jefar da kwamfuta don buroshi ba, ba su kuma jefar da buroshi don kwamfuta ba.

A cikin wannan taro akwai masu irin hannun da nake magana a kai. Wasu suna can baya a tsaye, ba a ba su kujera ba. In an tashi, ku neme su, ku gaishe su, ku tambaye su ranar da za su zo fadarku da nawa za a biya.

Allah ya ji ƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiyar ido da ƙarfin hannu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.